Kitson Sarkin Musu

Ga ta nan, ga ta nanku, ta wani zamani da bai iso ba tukuna.

Ta zo mu ji ta, ko da ba mu da rabon ganin zamanin.

A wani babban birni, a ƙasan wani dogon bene, akwai wani ɗan shago mai ƙofar gilashi inda wata dattijuwa take kitso. Kowa Mai Kitso yake ce mata, har mijinta in tsokana ta motsa masa. Shagon ba wani girma gare shi ba. Kujera ɗaya ce mai ɗan tudu inda take zama, sai matashi a ƙasa inda mai kai ke zama tsakanin ƙafafunta, sai madubi mai tsaga a gefe, da wurin wanke kai, da wata tsohuwar na'urar busar da gashi wadda in an kunna ta sai ka rantse jirgin ƙasa ne zai ratsa ɗakin. A zamanin nan motoci su ke tuƙa kansu, ƙofofi su ke gane fuskar mai gida su buɗe masa. Har wata hular ƙarfe aka ƙera, mace ta sa kanta a ciki, kafin shayinta ya huce an gama mata kitso. Sai dai kitson hular kamar an ɗaure bakin buhu yake, don haka Mai Kitso ba ta taɓa rasa kawuna ba.

Mai wanke kai a shagon ƙanwar mijinta ce. Rediyo ake ce mata, don in ta buɗe baki da safe ba mai kashe ta sai barci. Ita kuma "matarmu" take ce wa Mai Kitso, kullum suna cikin tsiya da juna, amma ko ruwa ɗaya ba ta sha sai ta miƙa wa ɗaya.

To, gwamnatin wannan zamani ba ta kisa, ba ta ɗauri. Da haka ma take tinƙaho. In mutum ya ɗaga mata murya, sai a zo da wata farar mota, cikin ladabi, a kai shi Gidan Sabuntawa. A can akwai injuna. Ɗaya ya share abin da ke cikin kan mutum tas, sunansa da na uwarsa da hanyar gidansu. Ɗaya ya sauya masa fuska da murya, har zanen yatsu. Sannan a zuba masa wata rayuwa ta aro, a ba shi ɗaki da aiki, a sake shi cikin gari. Irin waɗannan mutane sababbi ake kiran su. Ga su da natsuwa, ba faɗa, ba gardama, duk abin da ka faɗa "Haka ne" za su ce maka. Uwa tana iya zama kusa da ɗanta a motar haya daga farkon layi har ƙarshe, ta sauka ba ta sani ba. Doka kuma ta ce duk wanda ya gaya wa sabo ko shi wane ne a da, shi ma Gidan Sabuntawa za a kai shi. Don kada a yi a ɓoye, kowane shago an liƙa masa wani ɗan abu a bango kamar maɓallin riga, mai 'yar koriyar fitila. Kunnen hukuma ake ce masa.

Mai Kitso 'ya ɗaya Allah ya ba ta. Yarinyar tun ba ta iya tafiya da kyau ba ta iya cewa a'a. In ka ce za a yi ruwa ta ce ba za a yi ba, in ruwan ya sauko ta ce ai wannan yayyafi ne. Ubanta, wanda gyaran famfo ne sana'arsa, shi ya sa mata Sarkin Musu, sunan kuma ya bi ta har ta girma ta zama malamar makaranta. Ranar da aka kawo umarni cewa a daina gaya wa yara akwai lokacin da babu Gidan Sabuntawa, sai ta miƙe a gaban masu kawo umarnin ta yi abin da ta saba. Kafin a tashi makaranta farar mota ta zo.

Shekaru suka shuɗe. Iyayen ba su tashi daga ɗakinsu na hawa na uku a saman shagon ba, ko da gwiwoyi suka fara ƙorafi. Mai Kitso kuwa ta ci gaba da aikinta, sai dai duk baƙon kan da ya zauna a gabanta, kafin ta ɗauki mataji sai ta fara bin sa da yatsu a hankali, kamar mai laluben allura a cikin tufafi.

Wata rana da hantsi wata mace ta turo ƙofa, sanye da tufafin ma'aikatan duba shaguna, masu ruwan toka. Rediyo tana tsakiyar labarin wata maƙwabciya, nan take ta haɗiye sauran. Jami'ar ta gaishe su da murya mai sanyi, ta je ta ɗan ƙwanƙwasa kunnen hukuma, fitilar ta ƙifta, ta gyaɗa kai. Maimakon ta fita, sai ta tsaya tana kallon matashin da ke ƙasa.

"Mama, ko kina da lokaci? Hular ofishinmu ta cinye min gashin gaban goshi."

"Zauna, 'yar nan. Lokaci ai shi muke sayarwa."

Mai Kitso ba ta san fuskar ba. Fuska ce zagayayya, mai ɗan gajeren hanci, ta 'yarta kuwa doguwa ce irin ta uban. Ta ɗauki kibiyar tsifa ta warware ɗaurin buhun nan na inji, ta taje, ta shafa mai. Sannan ta bi kan da yatsu kamar yadda ta saba.

A tsakar kan, gashin ya murɗa wuri biyu, ɗaya ya yi dama, ɗaya ya yi hagu. Irin wannan kai tsagar tsakiya ba ta taɓa miƙewa a kansa, sai mai kitso ta san yadda za ta kauce. Ta ce wa ranta ai masu irin wannan suna da yawa. Ta gangara da yatsa bayan kunnen hagu, can cikin gashi. Ga shi nan. Wani ɗan tabo kamar ƙwayar shinkafa, a kwance. Ita ta danne wannan wuri da tsumma ranar da wata 'yar ƙaramar yarinya ta ce za ta iya tsallake akwatin kayan aikin ubanta, aka ce ba za ta iya ba, ta ce za ta iya. Injin gwamnati ya gyara fuska, ya gyara murya, bai ga dalilin shiga cikin gashi ba.

Hannunta ya tsaya cak.

"Matarmu, lafiya? Ko kin ga kwarkwata ne a kan hukuma?" in ji Rediyo, sannan ta toshe bakinta da hannu.

"Yatsana ne ya riƙe," in ji Mai Kitso. "Tsufa."

Ta ci gaba da kitso, tana yi kamar mai taɓa ƙwai. Da ta iso wajen kunnen hagu, sai ta ji hannu ya kama idon sawunta ya riƙe gam. Haka 'yarta take yi tun tana 'yar mitsitsiya, da an zo wurin.

"Yi haƙuri, Mama," in ji jami'ar, ta janye hannun da sauri. "Ban san abin da ya kai hannuna nan ba."

"Ba komai. Riƙe abinki."

Da ta koma gida da yamma ta ja mijinta banɗaki, ta buɗe famfo har ƙarshe, ta gaya masa a cikin ƙarar ruwa. Tsohon ya zauna a bakin baho.

"Kin tabbata?"

"Malam, in an rufe min ido aka jera min kawunan garin nan, zan cire nata."

Da jami'ar ta sake zuwa kitso, sai ga tsoho ya sauko da akwatin kayan aikinsa wai famfon wanke kai yana yoyo. Famfon nan lafiyarsa ƙalau. Ya kwance shi, ya ɗaura, ya sake kwancewa, idonsa yana kan madubi.

"Yaya, in ka gama kashe mana famfon sai ka gaya mana ranar jana'iza," in ji Rediyo.

Bai ko ji ta ba. A gida ya ce wa matarsa, "Fuskar ba tata ba ce. Amma kin ga yadda take ɗora ƙafar hagu a kan ta dama tana kaɗa babban yatsa? Zamana ne wannan." Ya share fuska da hannun riga. "Ki ji ni da kyau, tsohuwa. Ki bar ta haka. Tana da rai, tana da lafiya, tana zuwa da ƙafarta ta zauna a gabanki. In kika buɗe baki, aikinta ne ta kai ƙara, kuma za ta kai, don haka aka gina ta. Su share ki. To wa ya rage a duniya da ya san kan nan?"

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Ta yi shiru da bakinta. Jami'ar ta zama 'yar gida a shagon, da kitso ya tsufa sai ta dawo. Mai Kitso takan ja aikin ya yi tsawo, ta yi ƙananan layuka, ta warware wanda ba shi da laifi ta sake. Ba ta taɓa bari ko silin gashi ɗaya ya yi mata zafi ba.

Abu ɗaya ne ke cin ta, wannan "Haka ne" ɗin. Da ta ce yau akwai zafi, "Haka ne, Mama." In ta juya ta ce a'a, sanyi ake yi, "Haka ne, Mama." Rediyo, wadda tuni ta gane komai ba tare da an gaya mata ba, sai ta mayar da abin wasa, ko Allah zai sa a taɓo wani wuri.

"Ranki ya daɗe, kin san kifi a kan bishiya yake kwana?"

"Haka ne, Anti."

"Kuma kin san duk unguwar nan babu kyakkyawa kamar yayana mai famfo?"

"Haka ne, Anti."

"To, matarmu, wannan kam an gama da ita."

Suka yi dariya, jami'ar ma ta yi murmushi don ta ga ana yi. Amma da Mai Kitso ta hau bene, sai ta ce wa mijinta, "Kan 'yata ne ke zuwa shagon nan, Malam. 'Yata ba ta zo ba har yanzu."

Ana nan ana nan, sai labari ya fara yawo ƙasa-ƙasa cewa wani mai aski a wancan ɓangaren gari ya gane ƙanensa a ƙarƙashin reza. Ba a daɗe ba, wata rana bayan azahar, jami'ar ta shigo riƙe da wani jan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, irin wanda ake manna wa ƙofa ta ƙi buɗuwa har abada.

"Mama, an yi sabuwar doka. An ce hannu yana ɗaukar cuta daga kai zuwa kai. Duk shagon kitso da na aski za a rufe, kowa ya koma hula. Ni aka ba layin nan."

"Cuta," in ji Rediyo. "Ni da nake wanke hannu har fatar ta koɗe."

Mai Kitso ta dubi jan ƙarfen, ta dubi fuskar da ba ta haifa ba. "Ke a ganinki haka ne, 'yar nan?"

"Haka ne, Mama."

"To. Ajiye shi a kan teburi, ba gudu ƙofar za ta yi ba. Zauna in yi miki na sallama."

Jami'ar ta ajiye jan ƙarfen, ta zauna a kan matashin.

Mai Kitso ta tsefe, ta taje, ta tsaga. Rana ta shigo ta gilashi ta kwanta a kan tayil. Rediyo tana ta ninke tawul ɗin da ta riga ta ninke. Dattijuwar tana kitso tana lissafi a ranta: daga yau shi ke nan, kan nan zai shiga hular ƙarfe, ba za ta ƙara taɓa shi ba. In ta yi magana, ta rasa kanta. In ta yi shiru, ta rasa 'yar. Tunani ya tafi da ita nesa, ya bar hannun shi kaɗai a kan aiki. Hannun kuwa da ya ga ba mai tsaron sa, sai ya manta da lallashin da ake yi wa baƙuwa, ya koma irin kitson da yake yi wa 'yar gida, mai ƙarfi, mai sauri, na uwar da ke da sauran aiki a gabanta. Ya iso wajen kunnen hagu, inda gashin yake gajere mai taushi, ya tattaro shi ya ɗaure tamau.

"Wash! Kin ja."

Bakin Mai Kitso ya amsa da kansa, kafin hankalinta ya dawo. "Ban ja ba."

"Kin ja mana."

"Na ce ban ja ba. Kanki ne ba ya son kitso."

"Wallahi kin ja! Kullum in kin zo nan sai kin ja, kullum, sannan ki ce wai kaina ne!"

Muryar ba ta 'yarta ba ce, amma tashin maganar, da yadda ta murguɗa wuya, da hannun da ke riƙe da idon sawu, duk na mutum ɗaya ne a duniya. Koriyar fitila tana ta ƙiftawa a bango. Rediyo ta ajiye tawul, ta taka a hankali kamar ba komai, ta kunna na'urar busar da gashi. Jirgin ƙasa ya shigo ɗakin.

Jami'ar ta juyo, idanunta a waje. "Me ya sa na ce kullum? Ba ki taɓa ja min ba sai yau."

Sai a lokacin Mai Kitso ta gane kuskurenta. Duk watannin nan tana riƙe da yarinyar kamar gilashi, ashe tausayin ne ya hana ta jin hannun uwarta. Ta sunkuya har leɓenta ya kusa taɓa kunnen, ta kama yatsan jami'ar ta kai shi kan tabon.

"Kin ji wannan? Akwatin kayan aikin ubanki ne. Tsohon nan mai kashe mana famfo. An ce ba za ki iya tsallakewa ba, kika ce za ki iya. Ni na haife ki. Sarkin Musu muke ce miki, malamar makaranta ce ke, kuma a'a kika ce musu suka ɗauke ki."

Ta faɗa mata abin da zai faɗu a cikin ƙarar na'ura. Jami'ar ta saurara, yatsanta yana kan tabon, ba ta yi kuka ba.

"Ban tuna ba," ta ce.

"Na sani."

"Ni an ce min a gidan marayu na tashi. Ina ma ganin gadajen a idona."

"Na sani, 'yar nan."

"Kin kuma san abin da doka ta ce in yi yanzu."

"Shi ma na sani. Juya in ƙarasa miki, ba za ki fita titi da rabin kai ba."

Ta juya. Aka ƙarasa kitso, Rediyo ta kashe na'ura. Jami'ar ta miƙe ta kakkaɓe tufafinta, ta jira suka kwashe matajai da kwalaben mai suka fito, ta manna jan ƙarfen a ƙofa, ya yi ƙara ɗaya ya kama. Ta tafi ba ta waiwayo ba.

Mijin bai yi faɗa ba da ya ji. Ya dai ce, "To," ya je ya zauna a kujerarsa ta bakin taga inda ake hango titi. Washegari da safe Mai Kitso ta cire ɗankwali, ta jawo matashi ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunsa.

"Malam, kawo hannunka."

"Me zan yi?"

"Karatu za ka yi. In sun mayar da ni wata, da me za ka gane ni?"

Ta kama manyan yatsunsa masu kanta ta ɗora a kanta. Ta nuna masa ɗan tudun da ke ƙeyarta, da tawadar Allah da ke saman kunnen dama, da wurin da furfura ta fi yawa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da irin kulawar da yake bin bututu yana neman inda ke yoyo.

"Shekara nawa muna tare, ban san kina da wannan tudun ba. Ashe nan taurin kan yake taruwa."

"Ka dai riƙe."

"Na riƙe. Amma fisabilillahi, tsoho da ni in riƙa tare matan mutane a titi ina shafa musu kai? Kafin in kai gare ki an karya ni."

Ta yi dariya har da hawaye, shi ma ya yi, sannan dariyar ta ƙare hannunsa bai sauka ba. Rediyo ta shigo ta same su haka, ta tsaya ta kalle su, ta cire nata ɗankwalin ta zauna a layi.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Duk farar motar da ta shigo layin sai tsoho ya miƙe tsaye, in ta wuce ya koma ya zauna. Mai Kitso ta wanke labule, ta gyara maɓallan rigunansa duka, ta nuna masa inda take ajiye maganin gwiwa.

Ranar hutun ma'aikata, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai Kitso ta gyara ɗaurin zaninta ta je ta buɗe da kanta.

Jami'ar ce, ba tufafin aiki, ta yafa ɗan gyale a kan tsefaffen gashi. A bayanta akwai wata mace tana ta sunkuyar da kai.

"Ban tambayi kowa ɗakin ba," in ji ta. "Ƙafata ce ta hau. Akwai matakala ɗaya da ta fashe a hawa na biyu, na tsallake ta ban duba ba."

Tsoho ya taso ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana kallon ta. Can ya ce, "Kin rame."

"Ban rame ba."

"Kin rame mana, dubi wuyanki."

"Baba, yaushe ka san wuyan nan da za ka ce ya rame? Haka suka ba ni shi."

Sai tsoho ya zauna a ƙasa daɓas yana dariya yana kuka, yana cewa, "Ita ce, wallahi ita ce."

Da aka natsu aka zuba shayi, jami'ar ta ba su labari. Ta je ofis da niyyar kai ƙara. Ta tsaya a gaban shugabanta, ya ɗago ya ce, layinki komai lafiya, ko? Ta buɗe baki, sai ta ji bayan kunnenta yana zafi inda aka ja.

"Na ce masa haka ne. Ranar ce na fara faɗin haka ne alhali na san ba haka ba ne. Na fito ina jin daɗi kamar na saci wani abu." Ta juya kofin a hannunta. "Har yanzu ban tuna ku ba. Kada ku sa rai da yawa. Ina duba fuskokinku, ba abin da ke motsi. Amma in Mama ta yi magana sai in ji ina so in ce ba haka ba ne, kuma duk garin nan ba wanda nake jin haka a kansa."

"Wannan ya ishe ni," in ji Mai Kitso.

"Bai isa ba."

"To, bai isa ba."

Sannan Sarkin Musu ta jawo matar da suka zo tare. "Abokiyar aikina ce. Ita ma gidan marayu aka ce mata, gadajen da take gani irin nawa ne sak, har bargon. Mama, ki taɓa kanta."

Mai Kitso ta zaunar da matar, ta bi kan da yatsu tun daga goshi har ƙeya. Ta girgiza kai.

"Wannan ba ta taɓa zama a gabana ba. Amma ƙeyar nan shafaffiya, da gashin da ya sauko har wuya... Rediyo, wa ke neman irin wannan?"

"Mai kitson bayan tashar jirgi," in ji Rediyo tun kafin a rufe baki. "Ƙanwarta ce. Kullum sai ta yi min zancen ƙeyar nan har na gaji. Tashi, 'yar uwa, mu je, ni na san hanya."

To, haka abin ya fara, ba ihu, ba jifa. Gwamnati ta rufe shaguna, sai ta saki masu kitso da masu aski a gari ba aikin yi sai ziyara. Suka riƙa shiga gidaje da mataji a aljihu. Wanda ya taɓa kai bai gane ba sai ya tura shi wurin wanda yake zaton zai gane, kawuna suka yi ta zagaya birni daga hannu zuwa hannu. An kama wasu, an sabunta su, amma kafin a kama kowa ya riga ya ba wani kansa ya karanta, sai a nemo shi a sake gaya masa. A ofisoshi aka fara jin wata kalma da aka daɗe ba a ji ba. Mai share bene ya ce a'a. Mai raka farar mota ya ce a'a. Wata safiya mutumin da ke kunna babban injin Gidan Sabuntawa, wanda shi ma sabo ne, kuma tsohon da ke masa aski tun yana yaro ya gano shi, ya zo aiki ya zauna ya harɗe hannuwa. Aka kira na biyu, shi ma ya harɗe.

Gwamnatin ba ta faɗi a shekarar ba, amma farar mota ta daina fita, daga baya aka kwashe injunan aka mayar da gidan makaranta. Sarkin Musu ba ta tuna komai ba har ƙarshen rayuwarta, tsohuwar fuskarta ma ba ta dawo ba. Ta koyi yarintarta daga bakin ubanta, tana ƙaryata rabi, ta koma koyarwa, kuma a hankali ta daina cewa Mama ta koma cewa Umma. Abokiyar aikinta ta koma wurin yayarta a bayan tashar jirgi. Tsoho shi ya ɓalle jan ƙarfen daga ƙofar shago da kayan aikinsa, ya rayu har ya ga jika, sannan ya rasu a kujerarsa ta bakin taga. Rediyo ta auri wani mai aski da kunnensa ɗaya ba ya ji, suka zauna lafiya. Mai Kitso ta ci gaba da kitso har yatsunta suka ƙi lanƙwasuwa, daga nan ta bar wa Rediyo shagon, ta koma hawa na uku wurin 'yarta da jikarta.